Siginar Da Ke Kashe Kanta: Aikin Da Ke Ba Masu Tayar Da Tsofaffin Babura Wuya A Lafiya

Duk wanda ya san Lafiyar Barebari ya san gari ne na babur. Daga hanyar Jos zuwa ta Makurɗi, daga ta Doma zuwa ta Shandam, babur ne ke kai ma'aikaci ofis, shi ne kuma ke fito da doya daga ƙauye. Wannan hali ya samo asali tun 1975, sa'ad da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, malaman makaranta da akawuna suka yi ta sayen Honda da Yamaha da Suzuki da Vespa. A lokacin Lafiya tana cikin Jihar Binuwai-Filato. A 1976 ta koma Jihar Filato, sai a ran 1 ga Oktoba 1996 ta zama hedkwatar Jihar Nasarawa.

Yau Bajaj na Indiya da baburan Sin sun cika titi. Amma na da ba su ƙare ba, wasu suna nan jingine a zaure, ƙura ta rufe su. In magaji ya ƙudura niyyar tayar da na mahaifinsa, inji ba ya cika gagarar bakanike. Inda ake shan wuya shi ne wayarin, musamman in babur ɗin yana cikin manyan Yamaha masu siginar da ke kashe kanta. Irin waɗannan ɗai-ɗai ne a ƙasar nan, domin ƙananan babura na zamanin Udoji da hannu ake kashe siginarsu, shi ya sa ba kowane mai wayarin ne ya taɓa buɗe cikinsu ba.

Kada mai karatu ya ɗauka maganar ado ce. Mutum ya sha kwana, ya manta siginarsa ta dama tana ƙiftawa, ya miƙe. Direban da ke jira a mararraba ta gaba ya ga wuta, ya tabbata babur zai shiga dama, sai ya danno kan titi. 'Yan'uwanmu da suka yi acaɓa a Ikko da Badun da Fatakwal sun san yadda irin wannan karo yake ƙarewa. Don maganin wannan mantuwa ne kamfanin Yamaha na Japan ya sa dabarar a baburansa irin su RD400 da XS650 a 1976.

Ga yadda abin yake aiki. A cikin agogon gudu akwai wani ɗan makunni cikin kwalba siririya, wanda maganaɗisu ke rufewa yana buɗewa muddin ƙafar gaba tana juyawa. Akwai kuma wani ƙaramin akwati da ke ƙirga wannan buɗewa da rufewa, yana kuma ƙirga lokaci. Ba zai kashe sigina ba sai abu biyu sun cika: an yi daƙiƙa 10, an kuma ci mita 150. Watau in babur yana tafiya ƙasa da kilomita 54 a awa, nisa ne ke yanke hukunci, in ya haura haka kuwa lokaci ne. Mutumin da ke tsaye a mararraba yana jiran tirela ta wuce, siginarsa ba za ta mutu ba ko zai yi rabin awa, tun da ƙafa ba ta juya ba. Wanda bai san wannan ba sai ya ɗora babur a kan jak, ya kunna sigina, ya ga ta ƙi mutuwa, ya ce akwati ya lalace. Alhali lafiyarsa lau.

Yamaha yana da tsarin launin waya. Ruwan ƙasa ita ce mai kawo wuta daga makulli. Ruwan ƙasa mai ratsin fari tana ɗaukar wuta daga filasha zuwa makunnin hannu. Kore mai duhu ta dama ce, ruwan ƙasa mai duhu ta hagu, baƙa kuwa ita ke mayar da wuta jikin babur. Sauran uku na akwatin ne: fara mai ratsin kore zuwa agogon gudu, rawaya mai ratsin ja zuwa makunnin hannu, rawaya mai ratsin kore zuwa filasha. To, a takarda abin da sauƙi. Amma bayan shekara wajen 50 na zafi da baƙin mai, ruwan ƙasa biyun nan sun zama kamar Hassan da Hussaini. Wanda ya musanya su zai ga fitilun hagu sun kama sun tsaya cak da an murɗa makulli. Gara a goge waya da tsumma da ɗan kananzir, a duba ta a hasken rana kafin a sa almakashi.

Gwani ba ya fara zargin akwati. Batir yake fara dubawa, domin filashar wancan zamanin ba ta ƙiftawa da raunanniyar wuta. Sa'an nan ƙwayayen fitila, a tabbata ƙarfinsu ya yi daidai da abin da aka rubuta a jikin filasha. Ƙwai na zamani irin LED ba ya jan wuta sosai, tsohuwar filasha kuwa sai ta ji nauyi take motsi.

Bayan wannan sai a zare soket ɗin akwatin gaba ɗaya, a gwada hagu da dama da kashewa da hannu. In komai ya yi aiki, an wanke filasha da ƙwayaye, laifi ya rage tsakanin agogon gudu da makunnin hannu da akwatin kansa. Wannan gwaji bai fi minti biyu ba, amma shi ne aka fi tsallakewa.

Sai a ɗauko mita. A ɗora ta tsakanin fara mai ratsin kore da baƙa, a ɗaga ƙafar gaba a juya a hankali. Allurar mita za ta riƙa kai da komowa. In ta tsaya wuri ɗaya, a fara duba kebur ɗin agogon gudu, don kuwa a tsohon babur sau da yawa ya tsinke tun tuni ba wanda ya kula. Sigina mai kamawa amma ba ta mutuwa, kusan kullum nan ciwonta yake.

Rawaya mai ratsin ja ta fi kowacce ban haushi. Aikinta ta taɓa jikin babur a daidai lokacin da aka tura makunni hagu ko dama, ta haka akwati ke sanin an soma sabon lissafi. A yawancin waɗannan babura makunni yana samun hanyar komawar wuta ta ƙarfen kan babur ne. To, mai gyara ya ga kai ya yi tsatsa, ya kankare, ya fesa masa fenti mai sheƙi, ya ɗaura makunni a kan fentin. Shi ke nan, hanya ta toshe, sigina ta ƙi kamawa sam. Haka ƙurar hunturu da tsohon giris ke yi in sun daskare cikin makunni. Magani a kankare fenti daidai inda makunni ke zama, a wanke cikinsa. Mai buɗe shi ya shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa, don akwai 'yan ƙananan sifirin da in sun yi tsalle ba a sake ganinsu. In an gama duk wannan, sigina kuma tana mutuwa da zarar an ɗauke yatsa, to, a nan ne akwati ya ci sunansa na mai laifi.

Saura maganar kaya, wadda ta shafi mazauna Kudu kai tsaye, domin su ake aika wa saƙo daga gida a ce a duba a Ikko ko Anacha ko kasuwar Nkwo ta Nnewi. Filashar wannan tsari ƙafa uku gare ta, ta ukun ita ce ke karɓar umarni daga akwati. Wadda ta cika kasuwa mai ƙafa biyu ce. Za ta ƙifta, amma ba za ta ƙara kashe kanta ba. Akwai kuma mai ƙafa uku ta mota, wadda ƙafarta ta uku wani aiki dabam take yi, kuma tana iya jawo ɓarna. Saboda haka wanda aka aika ya nemi a turo masa tsohuwar, ko hotonta da lambar da ke jikinta, kafin ya ba da kuɗi.

In akwatin ya mutu kuma ba a sami wani ba, babur ba zai kwana a gareji don wannan ba. A bar soket ɗinsa a zare, a naɗe bakin da salatif, sigina ta koma ta hannu: a tura gefe ta kama, a danna ciki ta mutu. Wasu kan ƙara ɗan ƙaramin abu mai ƙara a layin sigina, ya riƙa tsiwa a kunnen mai tuƙi har sai ya kashe.