Garin da ake biyan kuɗi don a saurari lacca

Yawancinmu ba mu taɓa jin sunan Chautauqua ba sai ranar 12 ga Agustan 2022, da wani matashi ɗan shekara 24 mai suna Hadi Matar ya haura dandamali ya daddaɓa wa marubuci Salman Rushdie wuƙa a gaban taron jama'a. Sunan ya sake tasowa a watan Mayun 2025, da kotu ta yanke wa matashin ɗaurin shekara 25. Duk sanda labarin ya motsa sai gardama ta kaure a majalisu da shafukan sada zumunta, kuma kusan dukkanta a kan Rushdie ce da littafinsa, batun da kowa ya daɗe da tsayar da matsayinsa a kai. Shi kuwa wurin da abin ya auku, kowa sai ya ɗinka masa rigar da ta yi masa daidai. Wannan ya ce jami'a ce, wancan ya ce taron gwamnati ne, wani ya rantse da girman Allah matattara ce da aka kafa musamman don cin mutuncin addini. Babu wanda ya dace a cikinsu.

Chautauqua wani ɗan ƙaramin gari ne a bakin tafki, can yammacin jihar New York ta Amurka, wanda kusan duk shekara yake kwance shiru, rabin gidajensa a kulle. Da bazararsu ta shigo, wato daidai lokacin da mu nan muke tsakiyar damina, sai ya farka na tsawon mako tara, daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Agusta. Kowane mako da maudu'insa. Wannan makon a ɗauki batun yunwa ko 'yan gudun hijira, mai zuwa a koma kan ƙwaƙwalwar ɗan'adam, na bayansa a shiga shari'a ko sauyin yanayi. Ranar da aka kai harin ma, zancen da aka shirya yi shi ne yadda ake ba marubutan da aka koro daga ƙasashensu mafaka. Lacca ɗaya ce cikin jerin laccocin da ake yi tun 1874.

Da ƙarfe 10:45 na safe, daga Litinin zuwa Juma'a, ake yin babbar laccar ranar. Zauren wata ƙatuwar rumfa ce mai rufi amma gefunanta a buɗe, ƙasanta ya gangara kamar kwari, tana cin mutum fiye da 4,000 a kan dogayen bencina na katako. Waɗanda suka san kan wurin da matashinsu suke zuwa a hammata, don bencin ba ya tausayin tsoho. Mai lacca zai yi kamar minti arba'in da biyar yana magana, sannan a shiga tambayoyi. Ba a miƙa wa kowa makirufo. Kai dai rubuta tambayarka a 'yar takarda ka miƙa wa masu zagayawa, su kai wa mai gabatarwa ya karanta. Da wannan 'yar dabara suka huta da mutumin nan da kowane taro yake da irinsa, wanda zai miƙe da sunan tambaya ya share minti goma yana tasa laccar. Da ƙarfe biyu na rana kuma akwai laccar addinai a wata rumfar mai ginshiƙai a tsakiyar itatuwa, inda fasto da malamin Yahudawa da limami duk sukan hau mumbari ɗaya a ranaku daban-daban. Ana ma yin sallar Juma'a a harabar lokacin zangon. Wannan kaɗai ya isa amsa ga mai rantsuwar nan.

To amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ba wannan ba ne. Da ka gama yi wa mutum wannan bayani, tambayar da za ta biyo baya ita ce: wa ke ɗaukar nauyinsu, kuma nawa ake ba su? An riga an saba da cewa taron ƙara wa juna sani yana nufin otal, jaka mai tambari, shinkafa da kaza da rana, sai layin sa hannu a karɓi kuɗin mota da yamma. Saboda haka sai a ga ba zai yiwu dubban mutane su zauna kan katako suna sauraron masanin tattalin arziki ba, sai in da wata ƙungiya a bayan fage tana raba ambulan. A Chautauqua babu wanda ake ba ko sisi. Su ne suke biya. Garin da shinge yake, da ƙofofin shiga, kuma sai ka yanki tikiti na yini ko na mako ko na zango gaba ɗaya kafin ka shiga, ban da ranar Lahadi da ake buɗe wa kowa kyauta. Ba gwamnati ke tafiyar da shi ba. Da kuɗin tikiti da gudummawar masu hali yake rayuwa. Kuma in ka gama makonka, ba wata takardar shaida da za a ba ka ka kai ofis a ƙara maka girma.

Abin bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba ko kaɗan. Duk wanda ya ga yadda ake cika masallacin Sultan Bello na Kaduna lokacin tafsirin azumi, tun zamanin Sheikh Abubakar Gumi, ya san mutum yana iya rufe shagonsa ya tafi neman ilimi ba don alawus ba, ba don satifiket ba, ya kuma dawo baɗi ya zauna a gurbin da ya zauna bara. Sai dai da an ce laccar kan lafiya ce ko noma ko tarihi, sai mu tsaya jiran wanda zai saye mu mu je.

Asalin wurin ma daga addini ya faro. Mutum biyu ne suka kafa shi, dukkansu mabiya ɗariƙar Methodist: John Heyl Vincent, fasto, da Lewis Miller, attajiri daga garin Akron a jihar Ohio wanda ya yi arziki da ƙera injin yankan ciyawa. Miller ɗin ne daga baya ya zama surukin Thomas Edison. Niyyarsu ta farko ƙarama ce, su tara malaman da ke karantar da yara a coci ranar Lahadi su yi musu bita ta mako biyu a cikin tantuna. Nan da nan suka lura ba a karantar da littafin addini da kyau in malamin bai san tarihi da labarin ƙasa da kimiyya ba, sai manhajar ta yi ta faɗi. Vincent kansa bai yi jami'a ba, kuma abin ya tsaya masa a rai. A 1878 ya ƙirƙiro wani tsarin karatu a gida na shekara huɗu: a aiko maka da jerin littattafai, ka karanta, ku haɗu da maƙwabta a falon wani ku tattauna. A shekarar farko mutum sama da 8,000 suka yi rajista, akasarinsu mata, matan manoma da malaman makarantun ƙauye waɗanda ƙofar jami'a ta rufe musu. A 1882 rukunin farko, mutum sama da 1,700, suka kammala. Har yau ƙungiyar karatun tana nan.

Manyan mutane sun bi sahu, kamar yadda suka saba bin duk inda jama'a ta taru. Shugaba Ulysses Grant ya je a 1875. Susan B. Anthony ta yi magana a can kan bai wa mata damar zaɓe tun ana ɗaukar zancen abin dariya. A 1936 Shugaba Franklin Roosevelt ya yi sanannen jawabinsa na ƙin yaƙi a can. Akwai kuma wata al'ada da ta samo asali a 1877, ranar da wani kurma ya gabatar da jawabi da hannu. Da ya gama aka yi ta tafi, sai Vincent ya ankara cewa mutumin ba ya jin komai, ya ce kowa ya zaro farin hankici ya kaɗa. Tun daga ranar, kaɗa farin hankici ya zama babbar gaisuwar girmamawa a wurin.

Inda labarin ya fi daɗi shi ne da abin ya bar bakin tafki ya shiga ƙauyuka. A 1904 wani mai suna Keith Vawter ya fara loda tanti da masu lacca da makaɗa a jirgin ƙasa yana bin ƙananan garuruwa. A kafa tanti a fili a bayan gari, a yi kwana uku zuwa bakwai, a naɗe a wuce gaba. Wanda ya yi laccar ranar farko a wannan gari, gobe yana gari na gaba yana maimaita ta, haka za a yi ta bin juna a jere har bazara ta ƙare. Wani fasto, Russell Conwell, ya maimaita lacca guda fiye da sau 6,000, kuma da kuɗinta ya riƙa biya wa ɗalibai karatu, shi ne wanda ya kafa jami'ar Temple a Philadelphia. Zuwa tsakiyar shekarun 1920 ana ƙiyasta tantunan suna sauka a garuruwa kusan 10,000.

Yadda ake biyan kuɗin shi ne abin lura. Kamfanin ba ya zuwa garinku sai wasu daga cikinku sun sa hannu a yarjejeniya cewa za su sayar da tikiti na adadi kaza. Mai kanti, likitan gari, ma'aikacin banki, fasto, su ne za su tsaya. In an sayar, madalla. In ruwa ya ɓata mako ko amfanin gona ya yi ƙasa, su za su cike giɓin daga aljihunsu. Tsari ne na rashin adalci, don riba ta kamfani ce, asara kuma ta mutanen gari. Duk da haka shekara da shekaru suna sa hannu, saboda garin da tanti bai sauka ba ana yi masa kallon garin da ya mutu. Wanda ya san kuɗinsa ne a ciki kuwa, shi zai bi gida-gida yana tallar lacca.

Wannan tsari shi ya raya tantunan, shi kuma ya taimaka wajen kashe su. Da yake dole a cika kujeru, sai kamfanoni suka riƙa rage masu magana mai nauyi suna ƙara 'yan dabo da 'yan wasan kwaikwayo. Da rediyo da silima da mota suka wadata, manomi ya ga yana iya samun nishaɗin da ya fi wannan ba tare da ya zauna cikin zafin tanti ba, ilimin da zai riƙe shi kuma an riga an tsame. Karayar tattalin arziki ta 1929 ta ƙarasa aikin, zuwa farkon shekarun 1930 tantunan sun ɓace. Uwar ma ta kusa tafiya. A 1933 bashi ya ci Chautauqua har kotu ta naɗa masu riƙon ƙwarya, sai da masu gidaje da masu zuwa duk shekara suka yi karo-karo kafin a fita daga ƙangin a 1936.

Ba wai wurin ba shi da abin faɗa ba ne. Tun 1896 masanin falsafa William James ya je ya yi kwanaki, ya yaba da tsafta da natsuwa, amma ya ce da ya fito sai ya ji sanyi a ransa, don rayuwar ciki ta cika laushi, babu gumi babu gwagwarmaya. Har yau zargin bai kau ba. Wurin da a da ya rungumi malamar ƙauye da ba ta da halin shiga jami'a ya zama wurin hutun masu hali. Tikiti da tsada, hayar ɗaki a cikin shingen ta fi shi tsada, kuma in ka dubi bencinan za ka ga galibi farar fata ne masu furfura. Sai a wayi gari ana lacca kan talauci ga mutanen da talaka ba zai iya biyan kuɗin zama kusa da su ba. Masu tafiyar da wurin sun san da wannan. A 2020, da korona ta hana taro, suka mayar da laccocin kan intanet, kuma bayan an sake buɗe ƙofa suka ci gaba da watsa su. Ko a can ɗin ma, mafi yawansu sai ka biya kuɗin rajista kafin ka kalla.