Wa Ya Haifi Kakanka?

Ka tare saurayi a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi ka tambaye shi sunan kakansa, nan take zai faɗa maka. Ka ce masa to wa ya haifi kakan, daga ina ya zo, sai ya hau sosa ƙeya.

Jikokin mutanen Suwidin da ke Amurka ba sa shan wannan wahalar. Tun 1686 doka ta ɗora wa limaman cocin Suwidin rubuta haihuwa da aure da mutuwa, don haka zuriyar mutum sama da miliyan ɗaya da suka yi ƙaura zuwa Amurka kan gano ƙauyen kakanninsu ta intanet. Abin sha'awa, su ma da sunan uba ake kiransu a da: ɗan Anders shi ne Andersson.

Mu namu bayanin a warwatse yake, kuma ƙaura ce ta warwatsa shi. A 1805 mayaƙan jihadi suka ci Birnin Kebbi, daga baya Kabawa suka kafa sabuwar hedikwata a Argungu. Da Turawa suka zo, fadar Sarkin Gwandu ta dawo Birnin Kebbi da jama'arta. Wasu kuma fatauci ya kai su Gwanja. Dubi Imam Umaru: asalin gidansu Kabi, an haife shi a Kano wajen 1858, ya zauna Salaga ta ƙasar Gwanja, ya rasu a Kete Krachi ta Gana a 1934. Laƙabinsa na al-Kabawi al-Kanawi kaɗai ya isa ya nuna hanyar da gidansu ya bi. Mu kuwa muna ɗaukar irin wannan laƙabi ado ne kawai.

Mai neman asalinsa ya fara da tsofaffin matan gidansu. Goggo da inna su suka san wa ya auri wa, wace ce aka auro daga Kamba ko Jega, har da sunayen da ake sakayawa saboda alkunya. A tambaye su daban-daban, a naɗi muryarsu a waya, domin inda bakinsu ya saɓa nan ne wurin bincike. Sai a buɗe gafakar malamin gidan, don malamai da yawa kan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu a bangon littafi da ajami. Takardar rabon gado ta kotun alƙali ta fi komai daraja, tunda tana jera magada da sunayensu. Tsagar fuska da kirarin maroƙa ma shaida ne, kodayake maroƙi ba ya rasa ƙarin gishiri.

Bayan nan ne za a nufi Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, ko Gidan Tarihin Waziri Junaidu a Sakkwato, ko ma'ajiyar takardu ta ƙasa a Kaduna, inda fayilolin Lardin Sakkwato suke.

Sai dai a yi hattara da son zuciya. Kowa so yake salsalarsa ta tuƙe ga Kanta ko Abdullahin Gwandu, ba mai neman masunci ko maƙeri, balle bawa. Alhali talakawa irinsu ne mafi yawan mutanen kwarin Rima. Abin da ka samu, rubuta shi yadda yake, tare da sunan wanda ya faɗa maka da ranar. In akwai tsohuwa a gidanku, ka je mata a makon nan.