Maki Kusan Ɗaya, Buri Daban: Abin da Alƙaluman PISA Suka Nuna

A shekarar 2018, ƙungiyar OECD ta shirya wa ɗalibai 'yan shekara 15 kusan 600,000 jarrabawar PISA a ƙasashe da yankuna 79. Daga Afirka, Maroko ce kaɗai ta shiga. Ban da tambayoyin karatu da lissafi da kimiyya, an tambayi kowane ɗalibi aikin da yake sa ran yi idan ya kai shekara 30.

A ƙasashen OECD, inda matsakaicin sakamakon lissafi ya kusa maki 490, maza sun fi mata da maki 5 kacal. A kimiyya mata ne suka wuce da maki 2, a karatu kuwa da kusan 30. Tazarar maki 5 ba abin a zo a gani ba ce.

Amsar tambayar aiki ita ce ta raba su. Cikin haziƙan da suka fi kowa ƙwazo a lissafi ko kimiyya, fiye da namiji ɗaya cikin huɗu yana sa ran zama injiniya ko masanin kimiyya. A mata bai kai ɗaya cikin shida ba. Duka gwanaye ne, don haka ba za a ce rashin iyawa ne ya hana matan ba. A fannin kwamfuta, cikin dukkan ɗalibai, abin ya fi muni: mata kashi 1 cikin 100, maza kusan kashi 8.

To ina haziƙan matan suka nufa? Kusan ɗaya cikin uku aikin lafiya take hange, a maza kuwa ɗaya cikin takwas. Wannan ba ƙaramin buri ba ne, karatun likita ma ai kimiyya ne, kuma mai wuya. Sai dai aikin jinya da kula da mutane shi ne wanda aka saba cewa ya dace da 'ya mace, zaɓin nasu kuma ya bi wannan sawun. Jami'a ta gaji haka: rahoton UNESCO na 2017 ya nuna mata kashi 35 ne na masu karatun kimiyya, fasaha, injiniyanci da lissafi a manyan makarantun duniya.

Tun kafin sakandare ake shuka abin. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2017 kan yaran Amurka ya gano cewa a shekara 5 yara maza da mata kowa na danganta tsananin basira da jinsinsa. Daga shekara 6, 'yan mata sun fara ja da baya, har suna guje wa wasan da aka ce na masu kaifin ƙwaƙwalwa ne.