Dankali a Tukunyar Barkiya: Furotin Mai Kyau, Amma Kaɗan

A kasuwannin Kurfi da Dutsin-Ma, inda mutanen Barkiya ke cin kasuwa, suna ɗaya ya haɗa amfanin gona biyu da ba dangin juna ba. Dankalin turawa, wanda galibi ake saukowa da shi daga Bokkos da Mangu a Filato, ɗan'uwan tumatir da gauta ne. Dankalin Hausa kuwa daga wani gida daban ya fito. Dukansu ana yi musu kallon abin cika ciki kawai, kuma a ganina an tauye wa na turawan haƙƙinsa.

Gaskiya furotin ɗinsa ba shi da yawa: kusan giram 2 a cikin giram 100, domin kusan kashi 80 cikin ɗari na dankalin ruwa ne. Darajarsa tana cikin irin furotin ɗin. Jiki na gina tsoka da sinadaran amino asid, kuma akwai guda tara da ba ya iya haɗawa da kansa, sai daga abinci. Ɗaya daga cikinsu, laisin, shi ne ya yi ƙaranci a gero da dawa da masara, abincinmu na safe da dare. Dankalin turawa yana da shi a wadace. Abin da ya gaza a kai shi ne metiyonin, wanda hatsi ya fi shi. Ke nan idan suka haɗu a ciki ɗaya, kowanne na rufa wa ɗan'uwansa asiri. A 1928 masana Kon da Klein sun wallafa binciken wasu mutum biyu da suka shafe kwana 167 kusan duk furotin ɗinsu daga dankali, kuma lafiya lau suka gama.

Dankalin Hausa ya ɗan gaza a yawan furotin, wajen giram 1.6 a cikin giram 100. Ƙarfinsa yana wani wuri: nau'in mai launin ruwan lemo a ciki yana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, kuma aiki a kan wannan nau'in ne ya jawo wa masu bincikensa Kyautar Abinci ta Duniya a 2016. Ganyensa, da muke bar wa awaki, miya ce mai kyau.

Inda nake jin tsoro shi ne wajen yaye. Yaro ɗan shekara biyu na buƙatar kusan giram 13 na furotin a rana. Daga dankali kaɗai sai ya ci fiye da rabin kilo, kuma cikinsa ba zai ɗauka ba. Uwar da ke dama masa faten dankali ya kamata ta fasa ƙwai a ciki, ko ta zuba garin wake ko na waken suya, tun kafin tamowa ta kama shi.