Yadda masana ke raba tagwayen ilektaron domin kwamfutocin gobe

Duk mai amfani da wayar salula ya san yadda take ɗaukar zafi idan an daɗe ana kallon bidiyo ko ana caji. Dalili shi ne ilektaron, ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da wutar lantarki, suna cin karo da cikas a cikin wayoyin ƙarfe, wani ɓangare na ƙarfinsu kuma ya koma zafi.

Akwai kayan da wannan asara ba ta faruwa a cikinsu, ana kiransu sufakondakta. A 1911 ne Heike Kamerlingh Onnes ya gano haka a birnin Leiden na ƙasar Holan, lokacin da ya sanyaya zaiba zuwa kusan digiri 269 ƙasa da sifili. A 1956 Leon Cooper na Amurka ya nuna cewa a irin wannan sanyi ilektaron suna iya haɗuwa biyu-biyu, kamar tagwaye. Kowane ilektaron yana da wata siffa da ake kira juyi, wanda kan fuskanci sama ko ƙasa. A cikin tagwayen, idan na ɗaya ya fuskanci sama, na ɗayan ƙasa zai fuskanta, kuma makomarsu a sarƙe take ko da an nisanta su. Irin wannan sarƙewa ita ce jarin kwamfutar kwantum.

To yaya za a raba su ba tare da igiyar zumuncin ta tsinke ba? Dabarar ita ce ɗigon kwantum, wani ɗan mitsitsin ɗaki da ake keɓewa a jikin siririyar waya. Saboda ilektaron suna ture juna, ɗakin ba ya karɓar biyu a lokaci guda. Idan aka ajiye ɗigo ɗaya a dama, ɗaya a hagu, sufakondakta kuma a tsakiya, tagwayen kan rabu, kowa ya bi ƙofarsa.

A 2001 Daniel Loss da abokan aikinsa suka tsara wannan a takarda. A 2009 rukunin Christian Schönenberger a Jami'ar Basel ta ƙasar Suwizalan ya gwada shi da alminiyom, ya kuma yi aiki, duk da cewa kaɗan ne daga cikin tagwayen suka rabu. Zuwa 2012 rukunin ya kai kusan kashi 90 cikin 100, da siririn bututun kabon.

Sai dai raba su daban, sanin juyin kowannensu daban. A nan maganaɗisu ya shigo. Idan aka kunna ƙarfinsa, kowane ɗigo zai zama kamar rariya: a saita shi ya bar mai juyin sama kaɗai ya wuce, ko mai juyin ƙasa. A 2022 masu bincike a cibiyar QuTech da ke Delft, a Holan, sun yi amfani da wannan hanya. Sun ga tagwaye masu juyi saɓanin juna suna fitowa, sannan da suka sauya alƙiblar maganaɗisun, sai ga masu juyi iri ɗaya su ma sun bayyana. Wannan ya buɗe musu hanyar gina wata ƙaramar sarƙa ta ɗigo biyu a 2023, wadda ake fatan za ta kai ga ma'ajin bayanan kwantum mai jure hayaniya.

Kada dai a sa ran ganin wannan a waya nan kusa. Alminiyom ba ya zama sufakondakta sai sanyi ya wuce digiri 271 ƙasa da sifili, kuma firjin gwajin ya kai tsayin mutum. Babban aikin da ya rage shi ne a auna kai tsaye cewa sarƙewar tana nan bayan rabuwa, kamar yadda aka tabbatar da ƙwayoyin haske, aikin da ya ci lambar yabo ta Nobel a 2022.