Hattara da kwanan watan da kwamfuta ke bugawa

Duk mutumin Arewa da ya taɓa kama ɗakin haya a Ajegunle ko Agege, ko ya ba da bashin albasa a kasuwar Mile 12, ya san hanyar shagon masu buga takardu. A can ake buga yarjejeniya da rasit da takardar rakiyar kaya. Da yawa daga kwamfutocin waɗannan shaguna kuwa 'yan tokumbo ne, irin waɗanda ake sayowa a Computer Village ta Ikeja, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar da su a saite bisa al'adar Amurka.

To, ga inda gizo ke saƙar. Mutanen Amurka wata suke fara rubutawa, sa'an nan rana. Idan aka buga 3/4 a takarda, mutumin Ikko zai karanta 3 ga watan Afrilu, alhali kuwa kwamfutar da ke bin tsarin Amurka 4 ga watan Maris take nufi. Kwana talatin ke nan cif tsakaninsu. A kan ranar biyan bashi ko ranar ƙarewar haya, wannan ya isa ya kai mutum biyu gaban Sarkin Hausawa.

Maganin abin yana cikin kwamfutar. Akwai wurin da ake gaya mata ƙasar da take da harshen da za ta bi, daga nan take sanin yadda za ta jera rana da wata, da alamar kuɗin da za ta sa, watau ₦ ta naira, wadda Nijeriya ta fara aiki da ita ran 1 ga watan Janairu, 1973. Hausa ma tana da matsayinta a ciki. Lambarta ita ce ha-NG, kuma tun zamanin Windows Vista kamfanin Microsoft ya fitar da fassarar da ke mai da rubutun allon kwamfuta zuwa Hausa.

Amma fa canza saitin bai zama an gama ba. Kwamfuta kamar gari take, manhajojin da ke aiki cikinta su ne masu shaguna. Da zarar an canza ƙasa, sai Windows ta tura mai shela ya bi kowace babbar taga da ke buɗe, ya kai mata wani saƙo da masana ke kira WM_SETTINGCHANGE, tare da 'yar kalmar "intl" mai nuna cewa abin da ya canza ya shafi ƙasa ne. Saƙon ba ya ɗauke da sabon tsarin, cewa kawai yake yi an sami canji. Ya rage ga kowace manhaja ta tashi ta je ta tambayo abin da ya canza, ta gyara nata allon. Wadda maginanta suka koya mata sauraro, nan take za ta gyara. Wadda ba a koya wa ba kuwa, shelar za ta wuce ta bayan kunnenta, ta ci gaba da buga kwanan watan Amurka har sai an rufe ta an sāke buɗewa.

Masu gina manhaja ba kowane abu suke ƙerawa da hannunsu ba, akwai kayan gini da suke ɗora aikinsu a kai. Ɗaya daga cikinsu shi ne Qt, wanda da shi aka gina fuskar VLC da ake kallon fim da ita. Qt yana da tasa sanarwar mai suna LocaleChange, da wata dabam mai suna LanguageChange domin canjin harshen rubutu, amma ko a nan ma sai magini ya rubuta abin da za a yi in sanarwar ta iso. Kwamfutocin Apple su ma suna da irin tasu shelar. A Linux kuwa, bisa al'ada manhaja tana duba saitin ne sau ɗaya tak, lokacin da take tashi, shi ke nan. Shi ya sa sau da yawa akan ce sai mutum ya fita ya sāke shiga, kamar yadda Windows ma kan nema idan harshen allon gaba ɗaya aka canza.

Akwai wani tarko kuma. Canza alamar kuɗi ba canjin kuɗi ba ne. Idan alamar dala ta koma ta naira, 500 tana nan a 500 ɗinta, babu wani lissafi da kwamfuta ta yi. Haka nan kwanan watan da aka riga aka buga cikin wasiƙa da hannu, babu shelar da za ta taɓa shi.

'Yan'uwa mutanen Nijar, masu zuwa ci-rani Ikko daga Maraɗi da Damagaram, nasu ya ɗan bambanta. Hausarsu tana da tata lambar, ha-NE, kuɗinsu sefa ne, kuma inda Nijeriya ke rubuta 'y su ƴ mai ƙugiya suke rubutawa. Kwamfutar da ta fito daga hannun masu Faransanci waƙafi take sawa a inda aka saba ganin ɗigo, ta yadda 1,500 za ta iya zama ɗaya da rabi maimakon dubu ɗaya da ɗari biyar.

Saboda haka mai zuwa buga yarjejeniya ya nemi a rubuta masa sunan watan baro-baro, Afrilu ko Maris, a kuma rubuta yawan kuɗin da kalmomi kusa da lambobin, ya karanta ko a karanta masa kafin ya dangwala hannu.