Injin da Iska Take Sanyayawa

Idan ka zagaya garejojin unguwar Yindiski a garin Potiskum, mafi yawan abin da za ka gani manyan motoci ne, domin garin ya yi suna wajen sufuri da cinikin shanu. Amma jefi-jefi za ka iya cin karo da wata 'yar ƙaramar tsohuwar mota mai ƙusumbi, an ajiye ta a gefe. Sunanta Volkswagen Beetle. Yarbawa suna kiranta Ijapa, wato kunkuru, kuma duk wanda ya dubi bayanta zai yarda sunan ya dace. Ka buɗe gabanta, ba za ka sami inji ba, sai wurin ajiye kaya da tayar safiya. Injin yana can baya. Ka nemi lagireto, wato tankin ruwan da yake sanyaya inji, nan ma ba za ka samu ba. Wannan mota ba ta shan ruwa ko kaɗan.

Wani injiniya mai suna Ferdinand Porsche ne ya tsara ta a Jamus a shekarun 1930. A shekarar 1975 aka fara harhaɗa ta a Ojo, kusa da Legas, ta zama motar malaman makaranta da ƙananan ma'aikata. An ƙera ta ƙarshe a ƙasar Meziko a 2003, bayan an yi fiye da miliyan 21. Saboda haka kusan duk injinta da za ka samu yau na hannu ne, ya ga jiya ya ga yau.

To, yaya inji yake aiki ba ruwa? Silinda huɗu gare shi, biyu a dama biyu a hagu, a kwance. Kowace silinda tana da haƙarƙari na ƙarfe a jikinta, waɗanda suke fitar da zafi waje. A saman injin akwai fanka cikin wani gida na kwano. Fambel, wato igiyar roba, ita take juya janareto, janareto kuma ya juya fanka, fanka ta hura iska ta ratsa tsakanin haƙarƙarin, ta kwashe zafin ta fita da shi ta ƙasa. Wani ɓangare na iskar yana bi ta kan na'urar sanyaya baƙin mai. Ka ga ke nan rayuwar injin ta rataya ne a kan abu biyu, iska da baƙin mai. A gari kamar Potiskum, inda zafi yake haura digiri 40 a watan Afrilu, ga kuma ƙurar hunturu, wanda ya yi wasa da ɗayansu zai kwana a hanya.

Kuskuren da ya fi yawa game da kwanon da ya lulluɓe injin ne. Wasu masu gyara sukan cire shi su jefar, wai don injin ya sha iska. A ganina babu ɓarnar da ta kai wannan. Kwanon shi ne yake tilasta wa iska ta bi inda ake bukata, shi da robar da ta kewaye shi kuma suke hana iska mai zafi ta ƙasa komowa cikin fanka. Idan babu su, injin zai riƙa shaƙar zafin da ya fitar. Don haka in za ka sayi tsohon inji, fara duba ko kwanukansa sun cika. Sannan ka kama babban gargaren da yake juya fambel da hannu biyu, ka ja shi ka tura. In ka ga yana motsi gaba da baya a fili, cikin injin ya ci, kuɗin gyaransa kuma zai iya fin kuɗin sayensa.

Daidaita injin yana da tsari, kuma ba a tsallake mataki. Da bawul ake farawa. Bawul ƙofa ce ƙarama da take buɗewa don mai da iska su shiga silinda, wata kuma don hayaƙi ya fita. Tsakanin kan bawul da ƙarfen da yake danna shi akwai 'yar tazara ta milimita 0.15, kusan kaurin takarda mai ɗan nauyi. Ana auna ta da wani siririn ƙarfen awo, kuma sai injin ya huce sarai, shi ya sa gwanaye suka fi son yin aikin da sassafe, bayan motar ta kwana ba a tayar da ita ba. Dalili kuwa shi ne ƙarfe yana buɗewa in ya ji zafi, awon da aka yi da zafi ƙarya ne. In tazarar ta yi yawa, za ka ji injin yana ƙas-ƙas. In ta yi kaɗan, sai ya yi shiru, mai mota ya ji daɗi, alhali a nan haɗarin yake. Bawul ɗin ba zai rufe sosai ba, ba zai sami damar sauke zafinsa a kan mazauninsa ba, sannu a hankali ya ƙone. Wani lokaci ma kansa yakan karye ya faɗa kan fistin, injin ya buga nan take. A tsofaffin injuna, waɗanda aka yi kafin 1971, silinda ta uku ce ta fi shan wannan wahala, domin na'urar sanyaya baƙin mai tana tare mata iska.

Bayan bawul sai wuta. Ana gyara tazarar kwantak zuwa milimita 0.4, a goge fulogi, a tabbata wayoyinsu suna bin jerin da silindu suke kamawa: 1, 4, 3, 2. Daga nan a daidaita lokacin tartsatsi, ana duba tsagar da take jikin gargaren nan. Tartsatsin da ya zo da wuri fiye da kima yana sa mota ta yi kuzari na ɗan lokaci, amma yana dafa injin.

Kafireta, wadda take gauraya fetur da iska, ita ce ta ƙarshe. Sau da yawa ita ake fara taɓawa, ita ake ɗora wa laifin da ba nata ba. Ana daidaita ta bayan injin ya ɗumama, har ya riƙa juyawa kimanin sau 850 a minti ɗaya yana tsaye. A wannan zamani na tsadar fetur, akwai masu rage man da take bayarwa don su yi tsimi. Mai in ya yi kaɗan cikin iska, wutar takan fi zafi, abin da aka tsimta a gidan mai sai a biya shi ninki a gareji.

Baƙin man injin lita biyu da rabi ne kacal, kuma ba shi da matata irin ta motocin yanzu, sai 'yar rariya a ƙasa. Ana canza shi bayan kowace kilomita 5,000, a lokacin ƙura kuwa gara a yi kafin haka. Matatar iska ta yawancin waɗannan motoci tana da ɗan kasko mai baƙin mai wanda yake kama ƙura, shi ma a wanke shi a zuba sabo.

Tuƙi ma yana da nasa rabo. Tun da injin ne yake juya fanka, in ka bar mota a babbar giya tana tafiya a hankali da kaya, fanka za ta rage gudu a daidai lokacin da zafi yake ƙaruwa. Sauko da giya, ka bar injin ya yi kuka. Idan kuma kana kan hanyar Damaturu jar fitilar janareto ta kama, kada ka ce bari in ƙarasa gari. Mai yiwuwa fambel ne ya tsinke, fanka ta tsaya, kuma mintuna kaɗan sun isa su lalata injin. Ka tsaya a gefen titi, ka kashe mota, ka buɗe baya ka duba. Tsofaffin direbobin wannan mota ba sa fita gari sai da sabon fambel da sifana a ƙarƙashin kujera.